Gyaran da Muke Bar wa Masu Jirgi

Mu dai ba a san mu da barin kasuwa babu gyara ba. Ko tumatirin ɗari biyu mutum ya saya, sai ya tsaya ya dubi mai kaya ya ce, "Haba Malam, ba gyara?" Mai tsire ya san in bai ɗora 'yar tsoka da yankan albasa a sama ba, gobe ko ƙeyarmu ba zai gani ba, mai awon gero kuwa in ya cika tiya sai ya ƙara da tafi guda kafin a ƙulle bakin buhu. Ba kwaɗayi ba ne, haka ciniki yake a wurinmu, gyara shi ne shaidar an san juna kuma ana fatan sake haɗuwa. To abin da yake ɗaure mini kai shi ne, mu ɗin nan da ba ma yafe albasa guda, mu ne za mu ƙirga miliyoyin naira mu biya tikitin jirgi zuwa Dubai ko Guangzhou, mu saɓi jaka mu yi gaba, mu bar gyaranmu a hannun kamfani ko waiwaye babu.

Don kuwa masu jirgin ma suna ba da gyara, sai dai nasu a kwamfuta ake rubuta shi. Kusan kowane babban kamfani yana da tsarin da mutum zai yi rajista kyauta a ba shi lamba, daga nan duk hawan da ya yi sai a zuba masa maki gwargwadon nisan tafiyar ko tsadar tikitin. American Airlines na Amurka yana cikin waɗanda suka fara wannan dabara, a 1981, sauran suka ga ana samu suka bi sahu. Yau Ethiopian na da ShebaMiles, EgyptAir na da EgyptAir Plus, Turkish na da Miles&Smiles, Qatar na da Privilege Club, Emirates na da Skywards, Saudia na da AlFursan. Makin nan iri biyu ne, kuma a nan da yawanmu muke rikicewa. Akwai wanda ake tarawa a kashe, a karɓi tikiti ko a koma kujerun gaba da shi. Akwai kuma wanda ba a kashewa, aikinsa kawai auna yawan hawanka, don a san ko ka kai a ɗaga ka daga katin kowa da kowa zuwa na azurfa, daga azurfa zuwa zinare. Na farkon yana kwana biyu a ajiye, na biyun kuwa da wa'adinsa ya zagayo ake wanke allo a sake sabon lissafi.

Kuma fa mu ba ƙananan matafiya ba ne. Tun 1925 jirgi ya sauka a Kano, kuma jikokin fataken da suka yi safarar goro daga Gwanja a bayan jakuna su ne yau suke cika kujerun jiragen Habasha da Masar. 'Yan Kantin Kwari na zuwa Chaina sarin yadi, 'yan Farm Centre na ɗauko wayoyi, hajiyoyinmu sun san lungunan Deira a Dubai da Laleli a Istanbul fiye da wasu 'yan garin. Ga masu kai marar lafiya Alƙahira ko Indiya, ga iyayen yara masu karatu a waje, ga Umrah da wasu ba sa tsallake shekara. Mutumin Maraɗi ko Damagaram ma sau da yawa ta Kano yake tashi, don ta fi masa Yamai kusa. Duk wannan zirga-zirga, a je a duba abin da muka tara. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Duba dai yadda muke sayen tikiti. Ba ma buɗe manhaja, ba ma kwatanta komai, ejan muke kira. "Alhaji, ranar Talata nake son tashi, duba mini wanda ya fi sauƙi." Tambaya ta biyu, "Kilo nawa suke bayarwa?" Ta uku, in akwai ta, "Awa nawa za mu yi a zango?" Shi ke nan an gama. Ejan ya ga na Masar ya fi sauƙi wannan watan ya yanka mana shi, wata mai zuwa na Habasha ne ya sauko, bayan Sallah kuma na Qatar. A cikin jirgi sai a ce wanda ya yi rajista zai samu ɗan intanet kyauta, mu kuwa ba ma mayar da hannun kyauta baya, nan take mu cika. Kafin shekara uku mutum yana da lamba a kamfani biyar, nan ɗan kaɗan, can ɗan kaɗan, babu inda ya isa a karɓi ko tikitin tafiyar awa guda. Da yayyafi kogi kan cika, gaskiya ne, amma sai in wuri ɗaya yayyafin yake gangarawa.

Wanda ma ya yi rajistar, tambaye shi lambarsa. Zai ce tana wurin ejan. Kalmar sirri fa? Yaron shago ne ya buɗe, kuma yaron ya yi aure ya kama nasa shagon a Sabon Gari. Imel ɗin da ake turo gargaɗin cewa maki ya kusa lalacewa, na wani ƙanen matarsa ne da ya taimaka aka cika takardar biza shekarun baya. Ga kuma batun suna, wanda shi kaɗai ya cinye mana maki ba adadi. A fasfo Mohammed, a kati Muhammad, a tikiti Muhammadu, a nan sunan uba ne a gaba, a can sunan gari aka sa, wani ma har Alhaji ya rubuta a gurbin sunan farko don kada Hajjinsa ya ɓata a takarda. Kwamfuta kuwa ba ta san duk mutum ɗaya ba ne. In suna ya saɓa sai ta ƙi zuba makin, ba kuma za ta kira ka ta yi maka bayani ba. Maganin abin bai fi zama ɗaya ba: a buɗe fasfo a kwafi sunan yadda yake, harafi da harafi, a sa imel da lambar wayar mai tafiyar shi kansa, sannan duk lokacin yankan tikiti a ce wa ejan, "Ka sa lambata." In an manta, yawancin kamfanoni suna ba da 'yan watanni a dawo a nema, muddin katin shiga jirgi da lambar tikiti suna hannu. Mu kuwa katin shiga jirgi, kafin a bar filin an rubuta lissafin kaya a bayansa an miƙa wa yaro.

Amma duk wannan bai hana mu musu ba. Zauna a majalisar 'yan kasuwa bayan Isha'i ka ta da zancen jirgi, ka ga yadda za a rabu gida gida. Mutanen Ethiopian za su ce ba su ga abin da zai raba su da shi ba, daga Kano ya ɗauke ka ya sauke ka a Adis Ababa, daga can ko Guangzhou ko Dubai ko Mumbai, da jaka biyu mai kilo 23 kowacce. Mutanen EgyptAir su ce ai Alƙahira gida ce, ga asibiti ga makaranta, ga Jidda nan a tsallaken teku. Wanda ya saba da Qatar, tun da suka fara zuwa Kano a 2022, zai yi ta ba ka labarin filin jirgin Doha har shayinka ya huce. Na Emirates ya gyara zaman hula ya ce shi dai a bar shi da nasa ko da sai ya je Legas ya hau. Mai Saudia ya ce duk surutu ne, jirgin da zai kai shi Jidda ba tare da yada zango ba shi ne jirgi. Kowa gaskiya ya faɗa, don kowa inda ƙafarsa take zuwa yake kallo. A tashi daga majalisar kuma, gobe kowannensu ya kira ejan ya ce a duba masa wanda ya fi sauƙi.

Abin da ba a cika faɗa a majalisar ba, alhali a nan gizo yake saƙa, shi ne kamfanonin nan suna da ƙungiyoyi, manya guda uku. Star Alliance, wadda aka kafa a 1997, a cikinta akwai EgyptAir da Turkish da suka shiga a 2008, da Ethiopian da ya shiga a 2011, da Lufthansa na Jamus. Oneworld tana da British Airways, da Qatar tun 2013, da Royal Air Maroc tun 2020. SkyTeam tana da Air France da KLM da Kenya Airways, da Saudia tun 2012. Emirates bai shiga ko ɗaya ba, gashin kansa yake ci, sai dai makin Skywards yana aiki a flydubai. Amfanin sanin wannan shi ne, in ka hau jirgin ɗan ƙungiya kana iya ba da lambar ɗan'uwansa a zuba maka makin a can. Wato mai hawan na Habasha yau, na Masar gobe, na Turkiyya jibi, ba ya bukatar kati uku, ya zaɓi ɗaya ya riƙa ba da lambarsa duk wanda ya hau. Na sha ganin mutum da katunan nan uku a jakar fasfo, kowanne da abin da bai taka kara ya karya ba, alhali da wuri ɗaya ya zuba da tuni ya zama mai zinare. Kuma ba a haɗe su daga baya, abin da ya shiga ShebaMiles ya shiga ke nan, ba ya ƙaura zuwa Miles&Smiles.

Don haka ni a ganina, wanda ya tambaye ka wane tsari ya fi, ka fara tambayarsa ina yake tashi, ina yake zuwa. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Tsarin da ake yabo a Landan ko Amurka, in jirginsa ba ya sauka a filin Malam Aminu Kano ko na Abuja ko na Diori Hamani a Yamai, yabon ba naka ba ne. Ɗan kasuwar da rabin shekararsa tsakanin Kano da Chaina take, katin Star Alliance ne abokinsa, kuma na kamfanin da ya fi hawa ya kamata ya riƙe, don kamfani ya fi karrama mai katinsa na kansa a kan mai katin ɗan ƙungiya. Wanda 'ya'yansa ke karatu a Ingila kuma yana yawan ratsawa ta Doha, ya sani tun 2022 kamfanin Qatar ya koma amfani da makin Avios, irin na British Airways, har ana haɗa asusun biyu a riƙa juya maki daga wannan zuwa wancan. Wanda kuwa tafiyarsa duk shekara ba ta wuce Makka da Madina, AlFursan ya ishe shi. Kati na biyu ba laifi ba ne in a wata ƙungiyar yake, don ranar da hanya ta sauya. Na uku da na huɗu kuwa, taura biyu ma ba ta taunuwa balle huɗu.

Sai maganar araha, wadda muka fi ƙauna. A jikin kowane tikiti akwai wani harafi guda, Y ko M ko V ko wani, wanda ko kallonsa ba ma yi, shi ne yake nuna rukunin farashin da aka saya. Mutum biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa a kujerun baya, abinci ɗaya aka ba su, amma ɗaya za a rubuta masa cikakken nisan tafiyar, ɗayan rabi ko rubu'i, wani tikitin ma na garaɓasa ko ɗigo ba ya kawowa. Daga Kano zuwa Adis Ababa mil 2,000 ne da 'yan kai, daga can zuwa Guangzhou kusan 5,000, zuwa da dawowa ke nan wajen mil 14,000. Katin zinare a yawancin kamfanonin nan yana neman tsakanin 40,000 zuwa 50,000 a shekara. Wanda ake rubuta wa cikakke, sawu uku ko huɗu ya kai, wanda ake rubuta wa rabi sai ya yi shida zuwa takwas. Ba cewa nake a ƙi araha ba, kuɗin nan da gumi aka same su. Cewa nake a tambaya. Wani lokacin tazarar da ke tsakanin harafi mai ba da rabi da mai ba da cikakke ba ta kai abin da za mu biya na kilon da ya haura a teburin awo ba. Wani lokacin kuma ta yi yawa, a nan sai a ɗauki mai arahar a yi gaba da zuciya ɗaya. Ejan yana ganin haruffan nan a kwamfutarsa, ba ya faɗa ne don ba mu taɓa tambaya ba.

In za mu faɗa wa juna gaskiya ma, mu ba tikitin kyauta ne ya dame mu ba. Kilo ne. Bature yana tara maki don ya je hutu bakin teku, mu kuwa da za a tambaye mu, a ba mu jaka guda ƙari mu yafe sauran. Domin a cikinmu babu mai tafiya da kayansa shi kaɗai. Da an ji za ka tashi, sallama ba ta yankewa a ƙofar gida, wannan ta kawo kilishi da yaji da kuka da daddawa a kai wa ɗanta mai karatu a Alƙahira, wancan ya kawo hula biyu a ba amininsa a Jidda, kowa kuma cewa yake, "Ɗan saƙo ne, ba shi da nauyi." Ɗan saƙo goma sha biyu ya cika buhun bakko. A dawowa abin ya fi haka, ga dabino, ga jallabiya, ga abaya, ga darduma, ga turare, ga samfurin kayan da za a nuna wa abokan ciniki, ga tsarabar kowa da kowa har da maigadin layi, don wanda aka manta shi ba zai manta ba. Shi ya sa a gaban teburin awo za ka gan mu a durƙushe, jaka a buɗe, ana cire wannan ana cusa wancan, mutum ya sa riga uku a jikinsa ya rataya darduma a kafaɗa. A nan katin zinare yake nuna amfaninsa. Mai zinaren Star Alliance ana ƙara masa jaka guda, ko kilo 20 a inda da nauyi ake lissafi, a jiragen ƙungiyar, in ban da wasu tikitocin na can ƙasa, wasu kamfanonin kuma tun daga azurfa suke fara ƙara wa nasu mutanen. Ga layi na daban wurin awo, ga jaka ta riga ta kowa fitowa. Ɗan kasuwar da ke tashi sau biyar ko shida a shekara, in ya lissafa abin da yake biya na ƙarin kaya, zai ga wannan jaka guda ta fi masa tikitin kyauta nesa ba kusa ba. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Kuma jakar nan tana raba ɗan kasuwa da wata ɗabi'a tamu da ya kamata mu ji tsoro, ta neman wanda kayansa ba su da yawa a filin jirgi a ce ya taimaka a sa jaka da sunansa. Taimako ne a ido, amma duk abin da aka samu a cikin jakar mai sunan ne zai amsa, kuma a ƙasa irin Saudiyya amsawar ba ta wasa ba ce.

Ga kuma falon manyan baƙi. Doka ta ce mai zinare ya shiga da baƙo ɗaya. Mu kuwa a ina aka taɓa ganin mutum ya zauna a kujera mai laushi yana shan shayi, abokan tafiyarsa biyar suna waje a kan benci? Sai a tsaya a ƙofa ana roƙon ma'aikaciya, "Wannan ƙanena ne, wannan surukina ne, wannan kuma limaminmu ne." In ta ƙi, mai katin ya shiga ya fito da ruwa da 'yan biskit a aljihun babbar riga ya raba, ko ma ya haƙura ya zauna da jama'arsa a waje. Wannan kam ban ga abin kunya a ciki ba, alfahari ma nake da shi. Alamar zinaren da ake rataya wa jaka kuwa ba ma cire ta har abada, katin ya shekara uku da mutuwa tana nan tana lilo.

Sai dai a nan ne kuma tarkon yake, don kamfani bai ƙirƙiro tsarin nan saboda Allah ba, ya ƙirƙiro shi ne don ka daina duba farashin maƙwabcinsa. Sabo turken wawa. Da mutum ya ɗanɗana zinare, sai ka ga wanda jiya yake ja-in-ja a kan naira dubu biyar yau yana biyan ƙarin dubu ɗari uku don kada ya hau jirgin da ba nasa ba, ko ya ƙirƙiro tafiya marar dalili a ƙarshen shekara don maki ya cika. Wani ya bar jirgin da zai tashi a garinsu ya tafi Abuja ko Legas ya kwana a otal, duk don kati. Kamfanin da ka riƙe wa amana kuwa ba lallai ne gobe yana nan ba. KLM ya yi shekara sama da 60 yana sauka a Kano kafin ya daina a 2012. Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗin tikitinsa da suka maƙale ba a samu dalar fitar da su ba, bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024, makin Skywards kuwa wajen shekara uku yake yi ya lalace. Wanda ya tara nasa duka a can, kusan shekara biyu ya yi yana kallonsa a waya yana tsufa, sai in ya bi ta Akara ko wani garin ya hau.

Mu kuwa da ma gwanayen ajiya ne. Wanda Allah ya sa ya tara da yawa ba ya taɓawa, ya buɗe manhaja ya duba, ya nuna wa abokai, ya rufe. "Na ajiye ne sai babbar tafiya ta taso." Alhali maki ba ya ƙara daraja da ajiya, raguwa yake yi. Kamfani na iya wayar gari ya ce tikitin da jiya yake maki kaza yau ya zama kaza da rabi, kuma babu inda za a kai ƙara. Wa'adin yawanci shekara biyu zuwa uku ne, a wasu tsarin yana sabuntuwa in ka motsa asusun, a wasu kuwa ko ka motsa, ranar da aka sa ita ce. Babbar tafiyar da muke nufi kowa ya san ta, a kai Hajiya Umrah a goman ƙarshe na azumi. Niyya ce da babu wadda ta fi ta, amma kujerun da ake bayarwa da maki ƙidayayyu ne a kowane jirgi, kuma a goman ƙarshe, lokacin da masu tsabar kuɗi ke rububi, su ne farkon ɓacewa. Wanda yake son wannan lada da makinsa, ko dai ya nema tun watanni da yawa kafin azumi, ko ya kai ta a watannin da babu cunkoso, ta yi ɗawafinta a natse babu mai ture ta. Ya kuma tanadi kuɗi a hannu, don tikitin maki ba ya ɗauke harajin filin jirgi, wasu kamfanonin har da ƙarin kuɗin mai suke ɗorawa. Mun sha jin an dawo ana cewa, "Ashe kyautar tasu ma sai an biya." Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai kuma abin da har gobe ba ya shiga kan manyanmu, wato maki na wanda ya zauna a kujera ne, ba na wanda ya biya ba. Alhaji ya biya wa yaransa uku tikitin zuwa sari, ya biya wa iyali na Umrah, ya biya wa malaminsa, sannan ya ce a zuba duka a katinsa. Ejan ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a yi." Sai ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Kamfanonin sun ɗan sassauta da asusun iyali, inda 'yan gida ke tara nasu wuri ɗaya, na Emirates alal misali yana ɗaukar mutum takwas har da maigida. Takwas! Wanda ya tsara wannan bai taɓa cin tuwon dare a gidajenmu ba. Mai mata uku da 'ya'ya goma sha bakwai, wa zai sa, wa zai bari? In ya sa uwargida bai sa amarya ba, maganar ba za ta tsaya a filin jirgi ba. Abin da ya fi sauƙi kowa ya buɗe nasa, sannan a sa waɗanda suka fi tafiya a asusun iyalin, a kuma bayyana wa mutanen gida dalili tun kafin su ji a bakin wani. Sayar da maki kuwa, wanda na san shi ne farkon abin da ya faɗo wa da yawanmu a rai tun da aka fara zancen nan, dokokin tsarin sun hana, in aka gane ana iya rufe asusun da duk abin da ke ciki. Amma yanka wa wani tikiti da makinka kyauta, yawancinsu sun yarda, kuma mu da ma a nan muka fi ƙwarewa.

Hajji kuwa a cire shi daga lissafi. Jiragen da ke jigilar alhazai ta hannun NAHCON da hukumomin jihohi shatarsu ake yi, galibi ba sa kawo maki, kuma ban taɓa jin maniyyacin da ya tsaya a sansanin alhazai yana tambaya ba, abin da ya je nema ya fi wannan. Na cikin gida ma zance ne daban. Babu kamfanin Najeriya ko ɗaya a cikin ƙungiyoyin nan uku, don haka abin da ka tara tsakanin Kano da Legas a gida zai zauna. Air Peace na da nasa tsarin, Peace Advantage, kuma wanda ke yawan hawansu ba zai yi asara ba in ya yi rajista. Amma a nan gida ba kati ne yake zaɓar mana jirgi ba. Mutum yana da ɗaurin aure a Abuja bayan sallar Juma'a, tambayar da yake yi wa ejan guda ce, "Wanne ka tabbatar zai tashi a kan lokaci?" In ejan ya yi jim bai amsa ba, sai a kira direba a ce ya sha mai tun da dare.